Baba Sumani da Ƙwallon da Sunansa Ya Ja Masa

Kafin masu shaguna a titin Grand Concourse na birnin New York su gama ɗage ƙofofinsu na ƙarfe, Baba Sumani ya riga ya dawo daga masallaci, ya sha kokonsa da ƙosai a tsaye, ya rataya tsohuwar jakarsa ya gangara ramin jirgin ƙasa. In gari ya waye a unguwar Mount Hope ba a ga hularsa ta sanyi ta wuce ba, to ko dai Lahadi ce, ko jiki ne ya ƙi. Can saman Bronx yake sauka, ya taka zuwa wata 'yar kwaleji, ya zagaya bayan filin wasa, ya buɗe wani ɗaki a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Ɗakin ba taga, sai warin fata da na gumi. Nan ne ofishinsa shekara kusan talatin.

Aikin farko, in ji shi, gaisawa da ƙwallaye. Zai ɗauko ɗaya ya danna da babban yatsa, ya kara a kunne. In ya yi zargin iska na fita, sai ya lakato yawu ya ɗora a ƙofar iskar ya ga ko zai yi kumfa, ya sake mai da yatsan baki don na gaba. Mai facin taya ne a Zangon Kumasi kafin ya zo Amurka, kuma abin da hannu ya saba ba ya bari. Shi kuwa ƙwallon Amurkawa, wannan mai siffar ƙwai da suke runguma su ruga da shi, igiya gare shi a jiki. In ta saki, Baba Sumani zai zura sabuwa, ya kama bakinta da haƙori, ya ja har sai ta yi ƙara.

Ba wanda ya taɓa tafa masa. In an ci wasa koci ake ɗagawa sama, in an sha kashi ba a tuna akwai ɗaki a ƙasan kujeru. Amma ku tambayi Sadick, wanda yanzu yake tuƙa motar asibiti a Port Richmond. Zai gaya muku cewa duk azumin da ya yi a kwalejin nan, a ɗakin Baba Sumani yake buɗe baki, da dabinon da tsohon yake ɓoyewa cikin hular kwanon 'yan wasa don ɓera. Ku tambayi iyaye mata na Mount Hope. Duk ƙwallon da kwaleji ta ce ya mutu, shi yake ciro shi daga shara, ya yi masa faci, ya kawo unguwa. Akwai lokacin da ba gidan Bahaushe a layin nan da babu ƙwallonsa a ƙarƙashin gado. Kai ne, Baba Sumani, mai tayar da abin da aka yi wa jana'iza.

To amma abin da ya faru a shekararsa ta ƙarshe a aiki, shi ne ya sa dole a rubuta wannan. Kuma kalma ɗaya ce ta jawo shi.

A makonsa na farko, can da daɗewa, wani koci mai cike baki da cingam ya daka masa tsawa daga tsakiyar fili ya kawo ƙwallo, ya kira ƙwallon da wani suna. Abin da kunnen Sumani ya ɗauko shi ne "bigiskin", wato babbar fata. Ya ga ai daidai ne, fata ce kuma ba ƙarama ba. Ya ci gaba da faɗa haka. 'Yan wasa suka ji abin ya yi musu daɗi, suka riƙa maimaitawa yadda yake faɗa, waɗanda suka zo bayansu suka gada, har sabbin kociyoyi suka ɗauka al'adar makarantar ce. Ba wanda ya gyara masa, don ba wanda ya san kuskure yake yi.

Ran nan yana tsaka da jan igiya da haƙori, sai ga wata mata doguwa da tabarau ta leƙo. Dokta Nadia ce, malamar tarihi.

"Mista Sumani? An ce kai ne mai ɗinki a nan."

"Ina taɓawa," ya ce, igiya a baki.

Ta zauna a kan akwatin riguna ta fara zuba, irin zubar wanda ya daɗe yana neman mai saurare. Ta ce ɗalibanta suna karanta yadda wasan ƙwallo ya faro a kwalejojin ƙasar nan. Da fari, in ji ta, ba wasa ba ne, turmutsutsu ne: 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu su cika fili, a jefa ƙwallo tsakani, a yi ta ture da shuri har wasu makarantun suka hana. Kowace kwaleji da nata dokokin. Da wasu biyu a tsallaken kogi, a New Jersey, suka fara karawa da juna a 1869, mutum ashirin da biyar-biyar suka shiga, ƙwallon kuma zagayayye, a buga da ƙafa, a mare shi da hannu, amma ba a ɗauka a gudu. Bayan 'yan shekaru aka zauna a wani otal a nan cikin New York don a daidaita doka, wata babbar makaranta ta ƙi zuwa, don su a wajensu ana ɗaukar ƙwallo.

"To wanne ne na gaskiya?" Sumani ya tambaya.

"Duka. Ko babu. Shi ya sa nake so su buga da kansu su ji a jikinsu. Amma ina son ƙwallo irin na dauri, tun kafin roba ta yawaita. Fata a waje, mafitsarar dabba a ciki. Za ka iya?"

"In Allah ya so." Bai saba ce wa mai neman taimako a'a ba.

"Madalla! Da can sau da yawa ta alade suke hurawa. An ce shi ya sa har yau ake ce wa ƙwallonmu *pigskin*."

Ta faɗi kalmar a nitse, ba cingam a baki. Sumani ya saki igiyar.

"Big?"

"Pig."

"Babba?"

"A'a, alade." Har da buɗe waya ta nuna masa hoto, wai don kada ya ɓata.

Ya kalli hoton, ya kalli ƙwallon da ke cinyarsa, ya kalli ragar da ke rataye cike da 'yan uwansa. Yawun bakinsa ya ji ya zame masa baƙo. Dokta Nadia ta lura, ta shiga ba shi haƙuri, ta ce suna ne kawai, na yanzu da fatar saniya ake yi.

"Kin gani da idonki?"

"Haka na karanta."

"To in saniya ce, me ya sa ba a ce saniya ba?"

Ya fita fili ya tambayi koci, koci ya ce saniya ce mana, sannan ya ce ko? Mataimakinsa ya ce shi ya ɗauka roba ce. Wani ƙaton ɗan wasa ya rantse kakansa ya ce alade ne. Kafin la'asar Sumani yana da amsa uku, kuma ya kuskure baki ya fi a ƙirga.

A gida matarsa Suweiba ta saurare shi har ƙarshe, ta ajiye ludayi.

"Maigida, a unguwar nan wa ya ji bayan ni?"

"Ba kowa."

"To ka bar shi a nan. Wata nawa ya rage ka ajiye aikin? Ka san bakin mutanenmu. Ka yi wanka, ka yi istigfari, ka yi shiru."

Shawara ce ta mai hankali, don ta san abin da ke gabansa. In ya ajiye aiki, ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da ya rage masa a duniya shi ne bencin ƙofar masallaci da mutanen da ke zama a kai, da tiren da ake haɗa hannu a ciki ranar suna. In suka ƙyamace shi, a ina zai tsufa?

Amma shi tunaninsa yana kan ƙwallayen da ke ƙarƙashin gadajen mutane. Ranar Juma'a, ana sallame salla, ya miƙe a gaban liman da jama'a ya faɗi komai: bigiskin, alade, yawu, haƙori, da duk gidan da ya kai wa ƙwallo.

Liman ya yi gyaran murya ya ce in saniya ce babu komai, in ma alade ne, wanda bai sani ba ba shi da laifi, ruwa ya wadatar. Da a ce zukata suna bin fatawa, da nan maganar ta mutu. Sai Alhaji Kadri ya motsa. Tsohon direban tasi ne, ɗan Zangon Kumasi shi ma, abokin Sumani tun suna samari, kuma shi ne mai raba wurin zama a duk wani taro.

"Malam, mun ji," ya ce. "Ruwa yana wanke hannu. Amma shekara talatin a baki? Ei, Alaji Sumani! Da bakin nan ka yi wa jikana huɗuba a kunne!"

Kafin magariba ƙwallaye sun fara dawowa. Suweiba ta buɗe ƙofa ta tarar da su jibge a baranda cikin baƙaƙen leda, har da na raga da na kwando waɗanda ko kusa da fata ba su taɓa zuwa ba. A sunan da aka yi makon gaba, maza suka kewaye tire, aka zuba wa Sumani nasa daban a farantin roba, aka soka masa cokali. Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa ma ana yi, sai dai hannu a ƙirji, daga nesa. Ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi.

Da wani ne, da sai ya ce wa malamar tarihi ta nemi wani. Shi ya ce ya riga ya ce in Allah ya so, kuma bai ji Allah ya ce bai so ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: saniya ciki, saniya waje.

Asabar ya shiga jirgi sai Harlem, layi na 116, shagon Habibou mahauci, mutumin Maraɗi. Nan aka shiga sabon ruɗani, don Hausar Zango daban, ta Nijar daban, kuma Sumani da sunan Turanci ya san abin.

"Bilada nake so. Na saniya."

"Mi ne ne bilada, tsoho?"

Sumani ya duba hagu da dama, ya nuna ƙasan cibiyarsa. "Wurin fitsari."

Habibou ya ajiye wuƙa, fuskarsa ta cika da tausayi. "Ayya. Shekaru ne, Elhaji. Babana ma haka ta same shi. Kai dai tai asibiti wajen lokotoro, kar ka biye ma masu haɗe-haɗe."

"Lafiyata lau! Hurawa zan yi."

"Hurawa?"

"In sa a cikin bol."

"Cikin mi?"

"Bol! Da ake bugawa!"

"Ah, balo! Mafitsara za ka hura ka sa cikin balo?" Habibou ya juya wajen masu jiran nama. "Jama'a ku ji mini. A ƙasar da ta tai wata!"

Da dariya ta lafa, Sumani ya zaro wani tsohon ƙwallo mai siffar ƙwai daga jaka, ya ce tunda shi ne masanin dabba, ya yanka ya faɗa masa gaskiya. Habibou ya tsaga shi, ya murza, ya shinshina, ya ɗaga wa fitila.

"Bon. In ni ka tambaya, saniya ce."

"Alhamdulillahi!"

"Amma tsaya. Ni alade ban taɓa ganin fatarshi ba. Ta yaya zan ce ba shi ne ba?"

Sumani ya fito ya fi yadda ya shiga ruɗewa. A hanya ya tsaya wajen wani mai gyaran takalma ɗan Dominika, mutumin ya duba bayan fatar ya yi dariya, ya ce saniya ce tsaf, ai fatar alade ramukan gashinta uku-uku suke tafiya, ko makaho ya shafa zai gane. Sumani ya kai wannan albishir benci da saurinsa. Alhaji Kadri ya ce, "Yanzu shaidar mai cin alade ka kawo mana a kan alade?" Wani ya ce ai shi ya fi kowa sani. Wani ya ce shi ya fi kowa dalilin rufa wa alade asiri. Aka rabu biyu, aka tashi ba a gama ba.

Habibou dai, duk da dariyar da ya yi, ya taimaka. Daga gonar da yake zuwa yanka ya kawo mafitsara har da ƙari, da fatar saniya jemammiya. Ta farko ta fashe a fuskar Sumani. Ta biyu ya shanya a matattakalar ƙarfe ta bayan taga, kyanwar maƙwabta ta yi gaba da ita. Suweiba ta ce tun da aka kawo ta Amurka ba ta taɓa jin wari irin wannan ba, ko ita ko abin nan, ɗaya ya bar gidan. Ya kwashe ya koma ɗakinsa na kwaleji. Can ya gane famfon hura iska ba ya yi, ƙarfinsa fasa ta yake. Sai baki. Ya cire cikin biro ya ɗaure bututun a wuyan mafitsarar, ya hura a hankali, ya ɗinke fata a kai. Abin da ya fito ba zagayayye ba ne, ba ƙwai ba ne. Ya fi kama da kabewar da aka zauna a kai. Dokta Nadia ta rungume shi kamar jariri.

Ranar Juma'ar da ta gabaci wasan, Sumani ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Gobe da rana. Duk mai son ganin aikin da nake yi, ya zo ya gani da idonsa." Alhaji Kadri ya ce zai zo, amma bincike zai kawo shi, ba kallo ba.

Suka zo kuwa, dattawa cikin jallabiya da rigunan sanyi, suka jeru a bakin fili fuska a murtuke. Habibou ma ya rufe shago ya zo ganin mafitsararsa. Sai ga matsala: ɗalibai ba su cika hamsin ba. Dokta Nadia ta waiga, idonta ya sauka a kan jallabiyoyi.

"Iyayena, ko za ku taimaka?"

"Mu bincike ya kawo mu," in ji Kadri.

A daidai nan wani ɗalibi ya shuri ƙwallon, ya yi tsalle ya karkace ya nufo su. Ƙafar Kadri, wadda ta yi tsaron baya a Zango shekaru aru-aru da suka wuce, ba ta nemi izininsa ba. Ta tare shi cak. Ya kalli ƙafar kamar ta ci amanarsa. Sannan ya tattare jallabiya ya ɗaure a ƙugu.

Abin da ya biyo baya, har yau ba a samu mutum biyu da suka ba da labarinsa iri ɗaya ba. Malama ta yi bayanin doka: a shura, a mara da hannu, ba a ɗauka, kuma duk sanda aka ci a sauya gida. Kowa ya gyaɗa kai, ba wanda ya ji. Ana farawa wani ƙato ya sunkuci ƙwallon ya ruga, dattawan Zango suka bi shi da ihun "Hannu! Hannu!" Aka dawo da shi. Wata yarinya ta mari ƙwallon da tafi, dattawa suka sake ihu, malama ta ce wannan halal ne. Habibou ya ce to shi bai ga bambanci ba. Babu riguna iri ɗaya, ba wanda ya san nasa. Ƙwallon kuma in an aika shi gabas sai ya yi shawara ya tafi kudu. Wani ɗalibi ya tambaya ko haka aka yi a da, malama tana haki tana dariya ta ce tana jin har ya fi haka.

Sumani na tsaye a gefe da hannu a ƙirji, kamar mai kallon ɗansa a hannun wanzami. Ƙwallon yana sacewa a hankali. Duk bayan ɗan lokaci sai a kawo masa shi ya yi laushi, ya kwance igiya, ya zaro bututun biro, ya hura har jijiyoyin wuyansa su tashi, ya ɗaure, a koma.

Ɓangaren su Kadri suka ci, aka sauya gida. Kadri bai ji an sauya ba. Ƙwallo ya faɗo gabansa, ya yanke mutum biyu yadda bai yi ba tun yana da baƙin gashi, ya ɗaga kai ya ga hanya fetal ba mai tare shi, ya narka shi tsakanin sanduna. Ya juyo hannu a sama. 'Yan ɗaya ɓangaren suka rufe shi da runguma, nasa suka kama kai.

"Alaji, gidanku ka ci!" Habibou ya kwanta a ciyawa don dariya.

"Wa ya sauya gida? Yaushe? A kawo bol! A kawo bol in rama!"

Aka kawo, amma ya sace ya zama kamar fanke. Sumani ya karɓa, ya sa baki ya hura. Ya ja numfashi ya sake. A na uku iskar ta ƙi fita daga ƙirjinsa. Tari ya sarƙe shi, ya zauna daɓas a ƙasa, ƙwallon ya gangara. Dokta Nadia ta durƙusa tana masa fifita, ya ɗaga hannu alamar yana nan, numfashi ne kawai ya ƙare. Wani ya rugo da famfo, Sumani ya girgiza kai, ya nuna fashewa da yatsu. Wani ɗalibi ya ɗauki ƙwallon ya kai kusa da hanci, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba. Haka ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya tsaya a hannun Alhaji Kadri.

Bututun biron yana nan tsaye, jiƙe da yawun Sumani. Duk dattawan masallaci sun matso. Kadri ya kalli bututun. Ya kalli abokinsa zaune a ciyawa, hula ta faɗi, furfura a waje, yana kokawa da numfashi saboda wasan 'ya'yan wasu. Ya ɗago hannun rigarsa zai goge bakin bututun. Hannun ya tsaya a hanya. Ya sauke shi.

"Bismillahi," ya ce, ya kafa baki ya hura.

Ya hura har idanunsa suka yi ja, ƙwallon ya tashi ya yi tauri. Ya cire baki, ya yamutsa fuska, ya yi kaki gefe.

"Alaji Sumani."

"Na'am."

"Saniya ce. Na ji ta har cikin huhuna." Ya miƙa masa hannu ya ɗago shi tsaye. "Ɗaure mana, ni ban iya ba. Kuma ka gaya wa malamar nan a daina sauya gida."

Ba a san wanda ya ci wasan ba. Ɗalibai sun ce su ne, dattawa sun ce su ne, malama ta ce ta ɓace a lissafi tun da wuri, kuma wai wannan ma darasi ne.

Baba Sumani, yanzu ka miƙa mabuɗin ɗakin nan, ka dawo benci, kuma wurinka a tsakiya yake. Kai ne wanda aka ba shawarar yin shiru, shawara mai kyau, daga bakin mai ƙaunarka, ka ce mutane suna da haƙƙin sanin abin da ke ƙarƙashin gadonsu ko da kai za a guda. Kai ne wanda aka ware wa faranti bai yi fushi ya daina zuwa salla ba, bai kuma saɓa wa baƙuwar da ya yi wa alkawari ba. Ba ka fi kowa sani ba, kai ma a ruɗe ka yi tafiyar nan daga farko har ƙarshe, amma ko sau ɗaya ba ka ɓoye ruɗewarka don ka tsira da mutunci ba. Mai numfashin aro ga wasan wasu, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa ƙirjin nan lafiya, ya saka wa Hajiya Suweiba da ta jure warin.

Ku kuma 'yan uwa da ke aiki a ɗakunan da ba taga a faɗin garin nan, masu wanki da masu shara da masu jinyar tsofaffin wasu, ku duba wannan bawan Allah. In shakka ta same ku a kan abin da ya shafi jama'a, ku fito da ita fili. Mu kuma da ke kan benci, in ɗan uwa ya miƙe ya faɗi abin da zai iya ɓoyewa, kada mu jira sai numfashinsa ya ƙare kafin mu karɓa daga bakinsa.